Maganin nukiliya a asibiti: wasu na da shi a bakin ƙofa, wasu sai sun tsallake iyaka

Baban Khalil:
Salam 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya a harkar lafiya kuma ban cika jin ana zancensa ba, wato sashen asibiti da ake kira maganin nukiliya. In aka tashi maganar kansa kowa sai ya ce tiyata, ya ce kemo, ya ce gashi, amma hoton da zai nuna wa likita inda cutar ta kai kafin ya san ma wanne daga ciki zai yi, ba a sako shi a lissafi. A 2021 wani kwamitin masana da mujallar Lancet Oncology ta kafa ya fitar da lissafi akan nau'in kansa 11, suka ce da za a faɗaɗa hanyoyin ɗaukar hoto kawai a duniya, da an ceci rayuka kusan miliyan 2.46 tsakanin 2020 da 2030. Hoto kawai fa. Kuma abin da ya fi damuna shine yadda abin ya rabu, wani yana birnin da na'urar PET, wadda ke ɗaukar irin wannan hoton, ta fi ɗaya a unguwa guda, wani ƙasarsu gaba ɗaya babu ko guda. Masana a cikinmu ku fito ku yi mana bayani, talauci ne kawai ko akwai wani abu bayan talaucin?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Baban Khalil ni fa da na ji nukiliya bam nake tunawa wlh. Ba shine gashin da ake wa masu kansa ba?

Dakta Sani:
A'a Maman Ilham, sun bambanta duk da dai 'yan gida ɗaya ne. A gashi, na'ura ce a waje take harba haske mai ƙarfi cikin jiki ta ƙona ƙarin. A maganin nukiliya kuwa sinadarin ne ake sakawa a cikin jikin, ko ta allura ko a haɗiya ko a shaƙa, ɗan kaɗan ne sosai, sai ya bi jini ya je ya taru a inda aka tsara masa, ƙashi ko ƙoda ko zuciya ko maƙogwaro, daga can yake fitar da haske wanda ido baya gani amma kyamara ta musamman tana gani. Shi yasa bambancinsa da CT ko MRI shine su suna nuna maka siffar abu, shi kuma yana nuna maka aikin da abun yake yi. Ƙoda zata iya fitowa da kyau a CT alhali ta daina aiki, wannan hoton ne zai ce maka ta dama tana yin kashi kaza ta hagu kashi kaza. Kuma ba kansa kaɗai ba, yaran da ciwon fitsari ya yi wa ƙoda tabo, masu toshewar jijiyar zuciya, masu gudan jini a huhu, duk suna amfana.

Sannan akwai ɓangaren magani, in aka ƙara ƙarfin sinadarin aka zaɓi wanda haskensa yake kashe ƙwayar halitta sai ya zama magani. Kuma wannan ba sabon abu bane, tun 1941 wani likita Saul Hertz a Boston ya fara ba masu tayirod (wata gaɓa ce a maƙogwaro) mai aiki fiye da kima sinadarin aidin mai rediyeshon. Ku duba shekarun, sama da 80, amma har yau akwai ƙasashen da mara lafiya ba zai samu wannan maganin a cikin ƙasarsa ba.

Ɗan Fiziks:
Dakta ya yi bayanin likitanci, bari in amsa tambayar Baban Khalil ta ɓangarenmu. Talauci na ciki sosai amma akwai abin da ko kana da kuɗi sai ka yi kokawa da shi, shine lokaci. Yawancin sauran magungunan asibiti ana iya sayo su a zuba a sito shekara biyu suna nan, wannan kuwa tun daga daƙiƙar da aka haɗa shi yake raguwa kuma babu firij ko wata dabara da zata tsayar da shi. Teknishiyam-99m, wanda da shi ake yin kusan kashi 80 cikin 100 na hotunan wannan fanni a duniya, duk awa 6 rabin ƙarfinsa ya tafi. Filorin-18 da ake haɗa FDG, wato sukarin da ake yi wa mutum allurarsa don hoton PET, da shi, minti 110 ne kacal. Wato in ka ɗauko shi daga inda aka haɗa ka yi tafiyar awa biyar da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ne ya rage a hannunka. Kamar mai ɗebo ruwa ne da bokiti mai yoyo, wanda gidansa ke bakin rijiya zai kai ruwa, na nesa sai ya isa da danshi. To shi yasa in ka ɗauki taswira ka diga inda PET suke zaka ga sun kewaye inda saikulotiron yake, wato injin da ke ƙera filorin ɗin, duk wanda ya fi 'yan awanni nisa an bar shi a waje.

Maman Ilham:
To shi na awa 6 ɗin ya ake yi ya tsallaka teku?

Ɗan Fiziks:
Ba shi ake turowa ba, uwarsa ake turowa, molibdenam-99, ita sai awa 66 rabinta ke tafiya. Ana saka ta a wata tukunya mai nauyi da aka lulluɓe da dalma, tana can ciki tana rikiɗewa zuwa teknishiyam, kullum da safe ma'aikaci zai zuba ruwan gishiri na asibiti ta ciki ya tatso na ranar. Tukunya ɗaya tana kai sati ɗaya, in an lallaɓa biyu, sai a jira wata. Amma ita ma tana asarar kusan kashi 1 cikin 100 duk awa, so kwana biyu a filin jirgi wajen kwastam ba ƙaramar asara bace, kuma kuɗin cikakke ka biya.

Anti Zulai:
Wlh Ɗan Fiziks ka taɓo min inda yake min ciwo. Ƙanwata aka yi wa aikin maƙogwaro aka cire mata tayirod gaba ɗaya saboda kansa, likitan ya ce mana mu gode Allah irin wadda ake warkewa ce, saura kawai ta sha aidin ɗin nan ya share abin da wuƙa ta bari. A yankinmu kaf babu inda ake yi, sai da muka yi doguwar tafiya zuwa wani babban asibiti aka ba mu rana, aka ce ta daina shan ƙwayar da take sha kullum na tsawon makonni kafin ranar don jikin ya ji yunwar aidin. Duk wanda bai ga mutum a wannan halin ba ba zai gane ba, fuskarta ta kumbura, muryarta ta dishe, ana zafi tana lulluɓe da bargo, in ka yi mata magana sai ta ɗau lokaci kafin ta amsa, yarinyar da bata iya zama waje ɗaya. Muka jure muka je ranar da aka ce, ma'aikaciyar ta fito ta kasa kallon idonmu ta ce kafsol ɗin bai iso ba jirgin bai ɗauko kayan ba. Ga ɗakin nan a buɗe muna kallonsa, ƙofa mai kauri, gado an shimfiɗa leda har ƙasa, komai a shirye, ƙwaya ɗaya tal ce babu. Kuma ba wanda zai ce maka ga ranar da zai zo, shin ta koma shan maganinta a sake sabon lale ko ta ci gaba da wahala a jira. Ni ban ga laifin ma'aikatan ba, su ma kamar su yi kuka. Daga baya dai ta samu alhamdulillah, amma na ga waɗanda suka koma gida basu sake dawowa ba don kuɗin mota da na masauki ya ƙare.

Maman Ilham:
Innalillahi. Allah ya ƙara mata lafiya Anti, ya sa kaffara ne.

Baban Khalil:
Amin ya Allah. Sannu Anti.

Dakta Sani:
Allah ya ƙara sauƙi Hajiya. Abin da zai ƙara nuna muku bambancin, akwai allura da ake yi kwana biyu a jere kafin a sha aidin ɗin wadda take sa ba sai mutum ya daina shan maganinsa ya shiga wannan halin ba, a ƙasashe masu hali ita ake yi wa mafi yawa, amma tsadarta ta sa a wurare da dama ba a ma ambatonta. Kuma aidin-131 shine mai sauƙin ɗauka a cikinsu, kwana 8 yake kafin rabinsa ya tafi, in har shi yana gagarar isowa to ku ƙiyasta sauran.

Malam Habu:
Ina tausaya wa Anti Zulai har zuciyata, amma ku yi haƙuri zan faɗi abin da ƙila ba zai yi daɗi ba. Ƙasar da mata ke mutuwa wajen haihuwa saboda babu jini, yara na mutuwa da maleriya da gudawa, asibitin ƙauye babu ko na'urar sikanin ciki, ita za a ce ta kashe miliyoyin daloli a saikulotiron? Kuɗin inji ɗaya asibitin sha-ka-tafi nawa zai gyara? Ni a ganina wannan bambancin da kuke kuka da shi ba zalunci bane, kowa da matakin da ya kai ne, a fara da tushe tukun. Kuma mu faɗi gaskiya, in aka kawo na'urar ma babban birni za a kaita, masu kuɗi ne za su shiga, talakan ƙauye yana nan inda yake.

Baban Khalil:
Malam Habu maganarka akwai gaskiya a ciki, amma wannan “tukun” ɗin shekara nawa ana faɗinsa? An faɗe shi akan maganin HIV a shekarun 1990 cewa ya yi wa matalauta tsada, da an saurara da yanzu ina muke?

Malam Habu:
Ba ɗaya bane ɗan'uwa. Ƙwayar HIV kana iya sawa a aljihu ka kai kowane lungu. Wannan kai da kanka ka ji Ɗan Fiziks ya ce narkewa yake.

Dakta Sani:
Malam ni ina tare da kai a rabi. Ba zan taɓa cewa ƙasar da bata da ɗakin gwajin tsoka mai aiki ta fara da PET ba, wannan ɓarnar kuɗi ce. Amma ka haɗe abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Kyamarar gama ta SPECT, wato wadda ke ɗaukar hoton teknishiyam, da ɗaki ɗaya ko biyu na shan aidin, ba su kai ko kusa da kuɗin saikulotiron da PET ba, fasaha ce ta tun ƙarshen shekarun 1950 lokacin da Hal Anger ya ƙera kyamarar. Wannan kam tushe ne. Sannan ka duba asarar da rashin hoton ke jawowa wadda ba a rubuta ta a kasafin kuɗi. Mutum ya zo da kansa, ba a san ta riga ta bazu a ƙashi ba, a yi masa babbar tiyata wadda ba zata amfane shi ba, iyali su sayar da abin da suka mallaka, ya sha azaba a banza, gadon da likitan da jinin da aka kashe a kansa da wani ya amfana. Ko mace mai kansar mama, da wannan sinadarin ana gano kaluluwa ta farko da cutar zata bi a cire ita kaɗai a gwada, in babu sai a kwashe na hammata gaba ɗaya, hannu ya yi ta kumburi har ƙarshen rayuwa. Talaka ne ya fi buƙatar a san matakin cutarsa kafin a taɓa shi don shi kuɗin magani sau ɗaya yake da shi.

Sista Rabi:
Ni ma'aikaciyar ɗaukar hoto ce kuma na yi aiki a irin wannan sashen, bari in ƙara abin da ba a gani a takarda. In ka ji an ce ƙasa kaza tana da cibiya biyu ko uku, ka tambaya guda nawa ne suka ɗauki hoto a wannan watan. Kyamarar tana son wuta tsayayya da sanyi tsayayye, in zafin ɗakin ya yi tsalle da sauri kiristal ɗin da ke cikinta yana iya tsagewa kuma shine mafi tsada a jikinta. An sayo inji an yanka ribon, ba a sa kuɗin kwangilar gyara ba, ranar da wani ɗan allo ya ƙone sai a jira injiniya daga wata ƙasa wata da watanni. Kuma ba likita kaɗai ake buƙata ba, sai da masanin fiziks na asibiti, sai da mai haɗa magani wanda ya ƙware akan sinadarin rediyeshon, sai mu, sai hukumar ƙasa mai ba da lasisi, in ɗaya ya ɓace a cikin jerin nan an tsaya. Na ga sashe ya rufe ɗungurungum saboda mai haɗa magani guda ɗaya da ake da shi ya samu aiki a waje, kuma ba zan zarge shi ba, mutum ya yi shekaru yana karatu ya dawo yana zaune sati uku babu tukunya. Abin da ke ƙona min rai shine ranar da tukunyar ta iso da jinkiri, list ɗin marasa lafiya mutum ashirin ƙarfin da ya rage na goma ne, kai ne zaka fita ka zaɓi wanda zai koma gida.

Malam Habu:
To kin ga Sista kin ma ƙarfafa maganata. Abin da ba za a iya riƙewa ba me yasa za a fara?

Sista Rabi:
A'a Malam, abin da nake cewa a fara shi da lissafin shekara goma ba na ranar buɗewa ba. Wuraren da suka yi haka yana tafiya.

Ɗan Fiziks:
Akwai kuma wani abu da ya kamata mu sani, su kansu masu kuɗin a kan siririn zare suke. Molibdenam ɗin da duniya ke amfani da shi daga riyaktocin bincike, wato injinan nukiliya, 'yan ƙalilan yake fitowa, HFR a Petten ta Holan, BR2 a Beljiyam, MARIA a Folan, LVR-15 a Cek, SAFARI-1 a Pelindaba ta Afirka ta Kudu, sai OPAL a Ostareliya, da wasu ƙanana kamar na Ajantina da Masar da Rasha. Banda OPAL yawancinsu tsofaffi ne, HFR tun 1961, SAFARI-1 tun 1965. A watan Mayun 2009 riyaktan NRU na Kanada, wanda a lokacin yana cikin manya, ya fara yoyo aka kashe shi har sai Agustan 2010, a cikin 2010 ɗin kuma na Holan shima ya tsaya gyara, asibitoci a Amurka da Turai suka riƙa soke hotuna. Kanada ta daina samar da shi a kai a kai a 2016 ta rufe NRU ɗin a 2018, Faransa ta rufe OSIRIS a 2015. To idan kaya suka yi ƙaranci wa kuke ganin za a fara ba? Mai babbar kwangila ta shekara da shekaru mana, ƙaramin asibiti mai odar tukunya ɗaya duk sati biyu a ƙarshen layi yake. Haka aka gani a 2020 da korona ta tsayar da jiragen fasinja, don a cikin jiragen fasinja ake ɗauko yawancin kayan nan, wuraren da jirgi ɗaya ko biyu ne ke zuwa musu su suka fi jin jiki.

Baban Khalil:
Tsaya, kana nufin ɗaya daga cikin manyan masu samar da shi a nahiyar Afirka yake, amma Afirka ce ta fi kowa rashi?

Ɗan Fiziks:
Ƙwarai kuwa. Sau da yawa ya fi sauƙi kaya su tashi daga Johannesburg zuwa Turai ko Amurka akan su je wata ƙasar Afirka, saboda hanyoyin jirage haka suke. Ga kuma matsalar ƙin ɗauka, wasu kamfanonin jirage da sun ga alamar rediyeshon a kwali sai su ce basa ɗauka, ko matuƙi ya ce a sauke, duk da an yi marufin bisa ƙa'ida. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta daɗe tana kuka da wannan. Ƙila ma irinsa ne ya faru da su Anti.

Yaya Auwal:
Ina bin ku tun ɗazu. Ina so in ce kar mu ɗauka abin tsakanin ƙasa da ƙasa ne kawai, a cikin ƙasa ɗaya ma haka yake. Birazil misali, cibiyoyin sun taru a kudu maso gabas wajen su Sao Paulo, yankin Amazon a arewa kaɗan ne. Kuma can doka ce ma ta riƙe su, gwamnati ce kaɗai tsarin mulki ya yarda ta ƙera waɗannan sinadarai, sai a 2006 aka yi gyara aka bar 'yan kasuwa su yi masu gajeren rai, daga nan PET ta fara yaɗuwa. A Satumban 2021 cibiyar IPEN da ke haɗa wa ƙasar tukwanen ta tsayar da aiki na wasu kwanaki saboda kuɗin kasafi ya ƙare, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 fa. Kanada mai arziki, mutanen yankunan arewa mai nisa jirgi suke hawa zuwa kudu don hoton PET. Indiya tana da cibiyoyi masu kyau sosai a Mumbai da Delhi da Chennai amma ka tambayi ɗan ƙauyen jihohin arewa maso gabas. A Afirka ma in ka cire Afirka ta Kudu da Masar da Maroko da Aljeriya da Tunisiya abin da ya rage kaɗan ne, Kenya sai 2018 ta samu PET da saikulotiron na farko a asibitin Aga Khan na Nairobi, na gwamnati ya biyo baya a 2021. Bambancin kawai shine a wata ƙasar gwamnati ko inshora ce ke biyan tikitin da masaukin, a wata kuma iyali ne.

Malam Habu:
Wannan ta ƙarshen ita ce maganar Yaya Auwal. In an ce za a biya wa mara lafiya hanya ni ban da ja. Abin da nake ƙi shine kowace jiha ko lardi ta ce sai ta yi nata don a gani.

Dakta Sani:
To ai mun kusa haɗuwa Malam. Amma bari in faɗi abin da ke hana ni barci a matsayina na likita, ratar nan ƙaruwa take ba raguwa ba. Yanzu fannin ya koma wani sabon salo, a ɗauki hoto da sinadari a ga ya kama ƙarin, sai a canza masa kai a saka mai kisa a tura shi ta hanya ɗaya. Lutishiyam-177 kenan. Amurka ta amince da Lutathera a 2018 don wani nau'in kansar hanji da fankiriyas mai fitar da homon, ta amince da Pluvicto a Maris 2022 don kansar furostet da ta bazu. A gwajin VISION na 2021 waɗanda suka samu maganin matsakaicin rayuwarsu wata 15.3, waɗanda basu samu ba wata 11.3. Wani zai ce wata huɗu ne kawai, amma mutanen da duk sauran magunguna sun gaza ne, kuma da yawa ciwon ƙashin ke lafawa. Matsalar ita ce ba za a baka maganin ba sai an yi maka PET an ga ya dace da kai, to wanda ba shi da PET ƙofa biyu aka rufe masa. Ga shi kansar furostet ta fi tsanani a baƙar fata. Abin alfahari dai shine a Pretoria ƙungiyar Farfesa Mike Sathekge suna cikin na gaba a duniya wajen bincike akan aktiniyam-225, wato ba ƙwaƙwalwa ce ta yi ƙaranci ba.

Wani abu kuma da shi yasa nake cewa dole a horar da mutane a yankinsu, FDG sukari ne, duk inda ƙwayoyin halitta ke cin sukari da yawa yake haskawa, tarin tibi ma yana haskawa kamar kansa. Likitan da ya koyi karanta hoto a inda babu tibi sosai in ya zo inda take da yawa sai ya sake koyon ido.

Maman Ilham:
Dakta to su manyan hukumomin duniya basa komai ne?

Yaya Auwal:
Suna yi Maman Ilham. IAEA ta ƙaddamar da shirin Rays of Hope a Fabrairun 2022 a Addis Ababa gefen taron Tarayyar Afirka, ƙasashen farko su ne Benin, Chadi, Kongo ta Kinshasa, Kenya, Malawi, Nijar da Senegal. Kuma tun kafin nan sun taimaka wajen kafa da dama daga cikin cibiyoyin da ke ƙasashe masu tasowa da horar da ma'aikata. Sai dai su inji da horo suke bayarwa, albashi da wuta da odar tukunya ta kowane sati na gwamnatin ƙasa ne, a nan ake faɗuwa.

Baban Khalil:
To Ɗan Fiziks, in kai aka ba wuƙa da nama a yankin da babu komai, ta ina zaka fara?

Ɗan Fiziks:
Zan fara da kyamarar SPECT da ɗakin aidin a manyan asibitocin koyarwa, a warwatse ba a cusa su a gari ɗaya ba, sai a yi oda ɗaya tare ga duk cibiyoyin don a samu bakin magana da kamfani da jirgin sama. Saikulotiron ɗaya a garin da ya fi haɗa jirage, ya ciyar da PET na garuruwan da basu wuce awa biyu ko uku ba, ko da ƙetaren iyaka ne, in ƙasashe maƙwabta suka daidaita takardun kwastam. Ga na nesa kuma akwai tukunyar galiyam-68, shi galiyam ɗin minti 68 ne amma uwarsa jamaniyam kwana 271 take kafin rabinta ya tafi, tukunya ɗaya tana kusan shekara, da ita zaka yi PET na furostet ba tare da saikulotiron ba, sai dai mutum kaɗan take ɗauka a rana kuma bata maye gurbin FDG. Hoton kuma ana iya turawa ta intanet ƙwararre ya karanta daga ko'ina. Sannan akwai sababbin hanyoyi, Kanada ta nuna ana iya yin teknishiyam kai tsaye da saikulotiron, kuma tashar wutar Bruce a Ontario ta fara samar da lutishiyam a 2022, Holan na gina sabon riyakta PALLAS don ya gaji HFR.

Malam Habu:
Da sharaɗin a sa shi cikin inshorar lafiya, in ba haka ba na masu hali ne kawai kuma ina nan akan bakana.

Sista Rabi:
Wannan sharaɗin ni ma na sa hannu.

Maman Ilham:
Tambaya ta ƙarshe don Allah, shi wannan abin da ake ɗura wa mutum baya jawo wata cutar? In da ni ce tsoro zan ji.

Dakta Sani:
Na hoto kaɗan ne, hoton ƙashi wajen milisibat 4 ne, wato ma'aunin rediyeshon da jiki ya ɗauka, alhali kowane ɗan adam yana samun kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama ko bai taɓa shiga asibiti ba, kuma kafin kwana ɗaya ko biyu ya fita ta fitsari ko ƙarfinsa ya ƙare, a sha ruwa da yawa kawai. Na magani shine mai ƙarfi, shi yasa ake killace mutum a ɗaki kuma bayan ya fito a ce ya nisanci yara da masu ciki na wasu kwanaki. Mai ciki ba a bata aidin ɗin sam, mai shayarwa sai ta yaye tun kafin lokacin, don haka dole a gaya wa likita. Kuma duk wanda aka tura nesa, kafin ya hau mota ya kira sashen kai tsaye ya tambaya kayan sun iso ko ana sa rai ne, ya tafi da sakamakon gwajin tsoka da rahoton tiyata da tsofaffin hotuna a faifai ba takarda kaɗai ba, kuma kar ya daina shan maganin tayirod sai sashen da kansu sun ba shi rana a rubuce.

Anti Zulai:
Dakta don Allah ka rubuta wannan na ƙarshen daban in tura wa wata baiwar Allah, an ba mahaifiyarta takardar zuwa hoton ƙashi sati mai zuwa kuma ban jin sun kira kowa.

Dakta Sani:
Yanzu zan turo miki Hajiya. Ki ce musu in tana da ciwon da baya barinta kwanciya a miƙe su faɗa tun a waya, don hoton yana ɗaukar kusan rabin awa ba motsi, kuma akwai jiran awa biyu zuwa uku tsakanin allurar da shiga na'urar.